Ajiyar Malama Kulsumi

"Ba zan ba ki ba," in ji hedimasta, Malam Tamba. Ya mayar da makullin cikin aljihun taguwarsa, ya dafe aljihun da tafin hannu kamar akwai mai shirin fizgewa.

Malama Kulsumi tana tsaye a bakin teburinsa, jakarta na rataye a kafaɗa, ko ajinta ba ta leƙa ba tun da ta shigo makarantar. Litinin ce, ranarta ta farko bayan mako biyu da ta yi a Birnin Kebbi wajen bitar koyar da yara da kwamfutar hannu. Makullin da ake ja-in-ja a kansa na sito ne, inda kwamfutocin hannu na makarantar suke ajiye. Shekara shida yana hannunta, kuma ita ta damƙa wa hedimasta shi ranar da za ta tafi.

"Malam, ba gidana zan kai su ba. Aji biyar zan kai su."

"Awo, na ji. Aji biyar. Ɗiya sittin da biyu, rabinsu daga bakin gulbi suke zuwa da ƙarnin kifi a hannu." Ya gyara zaman tabaransa. "Kulsumi, wa ya tsaya a wanga ofis bara ya ce wa Malam Sirajo kayan nan ajiya ce, yadda aka kawo su haka za a same su?"

"Ni ce."

"To mi ya canza?"

Wata goma sha huɗu ke nan da motar wani shiri na tallafa wa makarantu ta sauke kwali biyu a makarantarsu da ke gefen garin Argungu, kwamfutar hannu goma a kowane kwali. Masu aikin suka kafa faifan sola a kan rufin ofis, suka buɗe kwalayen suka ƙirga a gaban hedimasta, ya sa hannu, suka wuce. Tun ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Kulsumi ta ɗaure kwalayen da igiya. Ta ɗora su a kan katako don kada gara ta kai gare su, ta zuba ƙwayoyin kafur a ciki kamar yadda ake yi wa kayan sallah, ta lulluɓe su da tsohon zanenta. Da Malam Sirajo mai koyar da lissafi ya nemi a ba shi ko da guda ɗaya ya gwada, kallon da ta yi masa ya ishe shi amsa. Solar kuwa ba ta yi zaman banza ba, wayoyin malamai take caji tun daga ranar.

Bitar ma ba da son ranta ta je ba. Sunanta ne ya fito, ta haɗa kaya tana cewa a shekara hamsin da ɗaya me ya haɗa ta da wasan yara. Ranar farko a kujerar baya ta zauna, hannuwanta cikin hijabi. A rana ta huɗu aka sa kowa ya karanta gajeren labari na'ura ta ɗauki muryarsa. Da ta danna, sai ta ji muryarta tana fitowa, kowace kalma tana haske daidai lokacin da ake faɗarta. Ta maimaita har sau biyar. Akwai yara goma sha takwas a ajinta da har yau ba sa iya haɗa baƙi, ta san sunan kowannensu da na ubansa, kuma baki ɗaya gare ta, ba ya rabuwa gida goma sha takwas. Daga ranar ta koma kujerar gaba. Ana gobe za a tashi ne mai horar da su ta faɗa, tana naɗe wayoyin caji, cewa na'urar da aka daɗe ba a yi wa caji ba tana iya mutuwa a kwance, musamman a ɗaki mai zafi. Kulsumi ta tuna rufin kwanon sitonsu a watan Afrilu, abincin rana ya gagare ta.

"Ajiyewar ce ke kashe su, Malam," ta ce. "An kuma ce duk makarantar da ba ta yi aiki da nata ba, za a kwashe a ba wata."

"An ce." Ya jinjina kai. "Wata uku ya rage min in yi ritaya. Kin san abokina na Gulma. Majigi guda ya ƙone a makarantarsa, shekara ya yi yana zarya ofis-ofis kafin a sallami takardunsa, har ƙafarsa ta kumbura. Ni ashirin na karɓa, ashirin zan miƙa. In kina so in buɗe, kawo min takarda mai hatimi da ta ce in ɗiya suka fasa ba wuyana ba ne."

Da wani ne ya faɗa mata haka, da ta ɗaga murya. Amma Malam Tamba ne ya koya mata riƙe alƙalami a makarantar matan aure, lokacin tana da shekara ashirin da shida da goyo a baya. Ta sunkuyar da kai.

"To a ba ni izini in koma Birnin Kebbi."

"Yaushe?"

"Yanzu. Malam Sirajo zai riƙe min aji."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A tasha ta tarar saura mutum ɗaya mota ta cika, ta zama cikon. Aka matse ta tsakanin ƙofa da wata mata mai kwandon bandar kifi a cinya. Da suka fita gari, fadama ta buɗe hagu da dama, shinkafar rani ta yi kore shar, injinan ban ruwa suna ta tari. Kulsumi ta ciro wayarta ta ɗauki hoton wata gona ta tagar mota. Ya fito a karkace. Ta goge ta sake ɗauka.

"Hajiya, 'yar jarida ce ke?" in ji direba, yana kallonta ta madubi.

"Malamar firamare ce."

"To ki ɗauki ramin nan da ke gabanmu ki nuna wa ɗiya, ya fi gonar tarihi. Tun ina yaron mota yake nan."

Motar ta faɗa ramin, kowa ya yi salati, mai kifi ta rungume kwandonta tana dariya.

Ofishin shirin yana Gwadangaji, ɗaki biyu a bayan wani dogon gini. Keke napep ya sauke ta a ƙofa ana shirin kiran azahar. Nazifa, mai horar da su, ba ta kai shekara talatin ba, kuma tun a wajen bita ta mayar da Kulsumi abokiyar wasanta.

"A'a! Inna Kulsumi mai dangwala ƙuri'a! Har kin yi kewarmu?"

Sunan ya samo asali ne daga yadda Kulsumi take danna fuskar na'ura da babban yatsa da dukkan ƙarfinta a kwanakin farko. Ta yi murmushi kaɗan, suka gaisa, ta zauna ta zayyana abin da ya kawo ta. Ba ta ɓoye komai ba, har kafur ɗin.

Nazifa ta toshe baki da gefen mayafi. Da ta ga Inna ba ta dariya, sai ta haɗiye tata. Ta juyo da kwamfutar teburinta ta nuna mata jerin sunayen makarantu, kowace da yawan sa'o'in da na'urorinta suka yi aiki. Duk lokacin da na'ura ta samu sabis, in ji ta, da kanta take aiko da rahoto. Wata makaranta ɗari uku, wata tamanin. Kulsumi ta bi da yatsa har ta kai tasu. Sifili ne, an shafa masa ja.

"Juma'ar nan ake rufe zango, Inna. Mako mai zuwa mota za ta zaga ta kwashe na duk masu ja. Akwai makarantu talatin da ke jira. Amma in na ga naku sun farka sun yi aiki ko na kwana uku ne, zan iya cire sunanku."

"Takarda nake so, ɗiyata. Mai hatimi. Wadda ta ce in yara suka fasa ba laifin hedimasta ba ne."

"Ai kuna da ita."

"Ba mu da ita."

"Kowace makaranta an ba ta, da sunanta da hatimi da sa hannun shugabanmu. Ambulan ne ruwan ƙasa, ana sa shi a saman kwali na farko, daga ciki."

Kulsumi ta tuna ambulan ɗin sarai. Ta ɗauka takardar kamfani ce irin wadda ake samu cikin kwalin rediyo, ta gyara masa kwanciya da hannunta kafin ta ɗaure igiya.

"Ba za a yi min wata ba?"

"Zan iya buga miki, amma ba hatimi. Shugaba ya yi tafiya da shi a jakarsa, sai Litinin mai zuwa." Nazifa ta jawo wani fayil ta buɗe. "Ga dai kwafin taku da muka ajiye. Ba ya fita daga ofis."

Kulsumi ta shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga. Ta riƙe wayarta da hannu biyu, ta dafe gwiwar hannu a jikin tebur yadda aka koya musu, ta jira rubutun ya fito tar, sannan ta taɓa a hankali.

"Kai, Inna, yau ba a dangwala ba," in ji Nazifa.

"Ɗaliba ta gari gare ki," ta ce, tana miƙewa.

Ta yi sallar azahar a ɗakin matan ofis, ta koma tasha. A hanyar dawowa ta yago takarda daga littafin shirya darasi, ta ɗora a kan jakarta tana rubutu, tana ɗaga biro duk lokacin da ta ga direba zai kauce wa rami.

Bayan la'asar ta samu Malam Tamba a ƙofar gidansa, zaune a kan tabarma, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa. Ta durƙusa daga gefe suka gaisa, ya tambayi hanya, ta tambayi iyali. Sannan ta miƙa masa wayar.

"Rubutun nan sai mai idon shaho," ya ce, yana nesanta ta daga fuskarsa.

Ta sa yatsu biyu a kan gilashin ta buɗa su, haruffan suka kumbura kamar an hura su. Ya ɗan ja baya, ya dubi yatsunta, ya dubi fuskarta. Ya karanta tun daga sunan makaranta har hatimi, leɓunansa na motsi.

"Wanga hoto ne, Kulsumi. Ba a liƙa hoton waya a fayil."

"Ta ainihin tana makaranta, Malam. Cikin kwali na farko."

Ya kashe rediyo.

"Takardar da ta ce a buɗe kwali, tana cikin kwalin?"

"Ni na rufe ta ciki."

Ya yi dariya har da tari, ya goge ido da bakin hula. Amma da dariyar ta lafa sai ya girgiza kai. In aka buɗe ba a same ta ba fa? In mai kawo kaya ya manta? Igiyar da aka kwance ba ta komawa yadda take, kuma shi ne zai yi bayani.

Kulsumi ta ciro takardar da ta rubuta a mota ta ajiye a gabansa. Layukan sun hau sun sauka da ramukan hanya, amma ana karantawa. Ta rubuta cewa ita, Kulsumi Abdulƙudus, malamar aji biyar, ita ta nemi a buɗe kwalayen, kuma duk abin da ya samu na'urorin daga ranar buɗewa a wuyanta yake. Ta sa hannu da kwanan wata.

"Shekara nawa ta rage miki a aiki?"

"Tara."

"Za ki ɗora shekara tara a hannun ɗiyan masunta?"

"Ni ma ɗiyar masunta ce, Malam. Ranar da ka miƙo min alƙalami ba ka ce in nuna maka hannuna ba."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa, ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Gobe ƙarfe bakwai," ya ce. "Ki zo da wuƙa. Na ga irin ƙullin da kike yi."

Bakwai saura ta iso, ta tarar ya riga ta. Malam Sirajo ma yana nan, don hedimasta ya ce sai da shaida. Da aka ture ƙofar sito, zafin jiya ya fito ya tare su. Kulsumi ta yaye zanen, ta yanke igiyar. Warin kafur ya buge su har Malam Sirajo ya yi atishawa.

"Malama, amarya za mu kai ɗaki ko aji za mu?"

Ba ta kula shi ba. Ambulan yana nan a saman kwali na farko, ko lanƙwasa bai yi ba. Malam Tamba ya karɓa ya fita da shi bakin ƙofa wajen haske, ya shafa hatimin da yatsa, ya saki ajiyar zuciya.

Suka kwashi na'urorin zuwa ofis. Kulsumi ta zare wayoyin malamai daga jikin sola ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kan taga, masu su na gunaguni daga waje. Ta jona na'urori ashirin a akwatin cajinsu, ta bi kowace ta tabbatar bakin wayar ya zauna. Sannan ta tafi aji ta yi kiran suna, ta koyar da darasin farko da alli, hankalinta rabi a ofis.

Da aka fita hutun tara ta dawo. Fuskoki goma sha uku sun yi haske. Bakwai suna nan baƙi ƙirin. Ta canza musu wayar caji, ta danne maɓallin kowace tana ƙirga talatin a zuci kamar yadda Nazifa ta nuna musu. Ko motsi. Biyu daga ciki ma bayansu ya kumbura, murfin ya ɗaga kamar burodin da ya sha yis.

Malam Tamba yana zaune da takardar a gabansa. Ya kira ta da hannu, ya ɗora yatsa a kan sakin layi na ƙarshe, wanda jiya bai tsaya a kansa ba. Duk na'urar da ta fashe ko ta lalace a hannun ɗalibai cikin aji, za a musanya ta ba tare da tuhumar kowa ba. Wadda kuwa ta lalace a ajiye, ba a yi aiki da ita ba, shugaban makaranta zai yi bayani a rubuce.

"Da ɗiya ne suka farfasa su," ya ce a hankali, "da yau barcina zan yi."

Malam Sirajo ya leƙa waje, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, ai da sauƙi. A haɗa da bakwai ɗin a kai aji yau. Jibi a rubuta cewa a can suka lalace. Wa zai tambayi ɗan aji biyar?"

Kulsumi ta dubi hedimasta, ta ga yana murza goshi da yatsu biyu, ta san zaryar abokinsa na Gulma yake hangowa.

"Shekara talatin da biyar ina wagga sana'a," ya ce daga baya, "ban taɓa aro laifi na rataya wa ɗan wani ba. Ba zan fara saura wata uku ba."

"To a rubuta sunana, Malam," in ji Kulsumi. "Ni na ɗaure su. Ni na hana a taɓa."

Ya ciro takardarta daga aljihu ya tura mata ta kan tebur. "Taki ta ce daga ranar buɗewa. Waɗanga sun mutu tun kafin nan, kuma ni na sa hannu na karɓe su." Ya jawo farar takarda ya cire murfin biro. "Kwashe sha ukun nan ki tafi. Kwana uku aka ce miki, kin riga kin ci rabin na farko a tsaye."

Ta jera su a cikin kwali ɗaya ta rungume shi a ƙirji ta ratsa fili. Yaran aji biyar sun dawo daga tara suna ta surutu, amma da suka ga abin da ta shigo da shi sai ajin ya mutu. Ta raba su rukuni goma sha uku, biyar-biyar da huɗu-huɗu, ta watsa yaranta goma sha takwas marasa karatu a cikinsu. Ta bi benci-benci tana ajiye na'ura a tsakiyar kowane rukuni, labarin farko a buɗe, alamar kunnawa tana jira a ƙasa. Ta koma gaban allo.

"To, bismillah. Ku taɓa."

Babu wanda ya motsa. Wasu sun cusa hannuwa ƙarƙashin cinya, wasu sun harɗe su a baya. Wani yaro a layin tsakiya ya ja jikinsa har ƙarshen benci don kada rigarsa ta goga. Wata goma sha huɗu duk wanda ya ko jingina da tagar sito ya san abin da yake ji daga bakin Malama Kulsumi, kuma sun riƙe darasin da kyau.

"Na ce ku taɓa. Naku ne."

Suka dubi juna, suka dube ta.

Ta sauko daga gaban allo ta tsaya a benci na farko, wajen Sharifa, wadda ta shekara biyu tana ɓoye fuska duk lokacin da aka zo karatu. Ta durƙusa har gwiwarta ta yi ƙara, ta zaro hannun yarinyar daga ƙarƙashin hijabi. Da sauran maiƙon ƙosai a yatsun.

"Malama, in ya fashe fa?" in ji Sharifa, muryarta can ƙasa.

"In ya fashe ki zo ki gaya min, in rubuta."

Ta kama ɗan yatsan ta ɗora shi a kan gilashin, ta sake shi.